Kabad ɗin da Bai Huce Ba

Bethesda,
Satumba, 1993

Zuwa ga Yayata Menna,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Mama. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Yaya Huw da yara da jikoki. Yaya gwiwar tasa, ta bar shi yana takawa kuwa? Mu nan lafiya lau, sai ruwan saman da kika sani, wanda tun da kika koma Kanada bai koyi gajiya ba.

Wasiƙarki ta iso tare da hoton sabon jikanki. Mama ta riƙe hoton har shayinta ya huce, tana shafa fuskarsa da ɗan yatsa. Ta tambaye ni ɗan wane ne, na gaya mata, jim kaɗan ta sake tambaya. Jikinta da ƙarfi, tana cin abinci, tana hawa bene ba sai na riƙe ta ba. Mantuwar ce ke ƙaruwa. Yau ni ce Nesta, gobe ni ce ke, jibi kuma wata mata ce da ta shigo mata gida ba sallama.

Babban labarin gidan shi ne mun fitar da tsohon tankin ruwan zafi daga kabad ɗin saman bene. Na san za ki ce me ya yi zafi haka, tankin da ya girme ni. To, kwanakin baya na hau da wanki na tarar da Mama tsaye, ƙofar kabad a buɗe, ta manna tafin hannunta a jikin tagullar, daidai inda jar rigar da ke tare zafin tankin ta yage. Ba ta yi ƙara ba, ba ta kuma janye hannun ba sai da na fizge shi. Tafin duk ya yi bororo. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta ɗaure shi, ta ce in yi tunani a kan tankin nan. Na kuwa yi. Yanzu akwai sabon injin gas a kicin mai dafa ruwa nan take, shi kuma tankin mai gyaran famfo da abokin aikinsa suka sauko da shi, yana ta ɗigar da jan ruwa a kan matakala.

Abin da ya bari a baya shi ne rami a daɓen katako, da bakunan bututu da aka yanke aka toshe, da ƙurar shekaru, da safar marigayi Baba ƙafa ɗaya. Na kira Gwilym na Kawu Idris, tunda kafinta ne kuma ba ya iya ce min a'a. Zai rufe ramin, ya lulluɓe bangon baya da katako don bututan su ɓuya, ya jera kantoci na barguna da tawul. Can sama kuma zai yi ɗan akwati mai makulli na magungunan Mama da kayan wanke banɗaki, don ran nan na kama ta za ta tsiyaya ruwan wankin a butar shayi. Gwilym ya ce in na so ya fasa min 'yar tagar leƙe irin ta gidan yari, tunda na zama gandiroba. Na ce ya jira tsufansa, ni zan riƙe nasa makullin.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Ranar da aka fitar da tankin, bayan mutanen sun tafi, Mama ta hau ta leƙa kabad ɗin. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta juyo ta dube ni da idon da ya san ni sarai, ta ce, "Kun ɗauke masa ɗuminsa." Na tambaye ta wa, sai ta yi min kallon nan da take mana muna yara idan mun yi tambayar wauta, ta wuce ɗakinta. Na ɗauka muzurun nan namu take nufi, mai kwana a kan tawul, wanda ya mutu tun ina makaranta.

Ki gaida min kowa da kowa. Ki rubuto ko da layi biyu ne, Mama tana son in karanta mata.

Ƙanwarki,
Nesta


Bethesda,
Oktoba, 1993

Yaya Menna,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan sanyin garinku bai fara matsa muku ba. Na ji daɗi da gwiwar Yaya Huw ta yi sauƙi, Allah ya ƙara lafiya. Hannun Mama ya warke, sai ɗan tabo.

Gwilym ya gama aikin, kuma ya yi kyau ƙwarai. Ya goge kantocin sumul don kada tsinke ya soki Mama, ya huda ƙasan ƙofar saboda iska ta riƙa shiga, ni kuma na shafa farin fenti. Barguna a ƙasa, zannuwan gado a tsakiya, magani a sama cikin akwatinsa, makulli a aljihuna.

Sai dai akwai abin da nake so in gaya miki, kada ki yi min dariya. Kabad ɗin bai huce ba. Da farko na ce ai wurin da ya sha zafi shekara da shekaru ba zai yi sanyi rana ɗaya ba. Amma yau tankin ya daɗe da barin gidan, saman benen nan sanyi ƙalau kamar yadda kika san shi, kuma duk lokacin da na buɗe ƙofar sai ɗumi ya bugi fuskata. Tawul suna fitowa da ɗumi kamar da. Na kira Gwilym ya sa hannu. Ya ce ƙila bututun hayaƙin murhu ne ke bi ta bayan bangon. Na tuna masa an toshe murhun tun Baba yana raye. Ya ce to gidan maƙwabta ne. Na ce masa bangon nan babu komai a bayansa sai iska da dutse. Ya sosa kai, ya ce tunda na samu ɗumi kyauta in gode wa Allah in daina neman magana. Amma na lura bai sake sa hannunsa ciki ba.

Mama kuma ta samu sabuwar al'ada. Kullum da la'asar sai ta hau ta tsaya a bakin kabad ɗin, ta kara kunne a jikin ƙofar. Wani lokaci tana rera waƙar rarrashin nan da take mana, a hankali ƙwarai, ba kalmomi, sai murya. Ta kan ɗauki ƙaramin tawul ta ninke shi ta shimfiɗa a kantar ƙasa, ta tura barguna gefe, ta lotsa tsakiyarsa da hannu. In na mayar da shi wurinsa, washegari in tarar da shi a shimfiɗe. Na tambaye ta ko na muzuru ne. Ta ce wane irin muzuru, in rage murya.

Shekaranjiya da rana tsaka tana barci a kujerarta a ƙasa, na hau ɗauko zanen gado. Gidan shiru, ko ruwan sama ya ɗauke. Na buɗe ƙofar, ɗumin ya taso, kuma wallahi Yaya ba irin ɗumin ƙarfe ba ne. Irin wanda ake ji ne idan an ɗaga bargo daga kan wanda ke barci. Na tsaya da zanen a hannuna, ina kallon tawul ɗin nan mai lotso a tsakiya. Ban ga komai ba, ban ji komai ba. Amma da na zo rufe ƙofar sai na tarar ina rufe ta a hankali, ina riƙe da marikin don kada ya yi ƙara, kuma da sanɗa na sauka.

Na san zaman mutum biyu a gida, ɗaya ba ta cikin hayyacinta, yana iya taɓa ɗayar. Ƙila abin da ke damuna ke nan. Amma kin girme ni da shekara tara, kin san gidan nan kafin ni. Akwai wani abu game da kabad ɗin da ban sani ba? A wasiƙarki ta baya kin amsa min komai, har maganar fenti, amma ba ki ce uffan a kan abin da Mama ta faɗa ba.

Ki gaida yara. Allah ya bar mu tare.

Taki,
Nesta


Bethesda,
Nuwamba, 1993

Yayata,

Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya muke, na fara da wannan don kada hankalinki ya tashi da abin da zai biyo baya. Ban samu amsarki ba tukuna, amma ba zan iya jira ba.

Farkon watan nan Mama ta canza. Ta daina waƙa. Sai in hau in tarar ta kwashe duk abin da ke kabad ɗin ta zube a ƙasa, barguna da zannuwa har bakin matakala, tana haki, tana cewa zafin ya yi masa yawa. Na mayar, ta sake kwashewa. Rannan ƙafarta ta sarƙe da zane, saura ƙiris ta gangaro daga bene, na cafke rigarta. Ranar na sa Gwilym ya kafa wa ƙofar kwaɗo. Ya yi, bai yi min tsiyar gandiroba ba wannan karon.

Asabar da ta wuce, bayan mun ci abincin rana, ina wanke kwanuka sai na ji bugu daga sama. Na hau na tarar da ita tana dukan ƙofar da hannu biyu, har tabon nan ya fashe yana jini. Na riƙe ta, ta ture ni da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Na yi mata faɗa, na ce babu kowa a ciki, barguna ne, barguna kawai. Ta daina dukan, ta dube ni, ta kira ni da sunana daidai.

"Nesta, buɗe. Zai ƙone."

Na buɗe ne don in nuna mata, raina a ɓace. Ƙofar na buɗewa wani ƙauri ya cika min hanci. Na janyo bargon ƙasa, bayansa ya yi baƙi ƙirin, yana marmashewa a hannuna. Katakon da Gwilym ya lulluɓe bango da shi ya ƙone ya yi wani baƙin da'ira, kuma daga tsakiyarsa siririn hayaƙi na fita. Na ruga ƙasa na kashe wutar gidan gaba ɗaya, na buga wa Gwilym waya, ya zo da abokinsa Tegid mai gyaran wuta.

Da suka ɓalle katakon sai ga dalili. Kin tuna sandar lantarkin da Baba ya sa wa tankin don dafa ruwa in ba a hura murhu ba? Mai gyaran famfo ya yanke wayarta, ya naɗe bakin da leda mai danƙo, ya cusa ta bayan bututu, bai cire ta daga tushe ba. Ɗaya daga bututan da ya toshe kuma yana ɗiga a kanta. Makunnin wayar yana ɗakin ajiyar abinci, bayan gwangwanin burodi, ni na ma manta da shi. Ashe Mama kullum da safe sai ta je ta danna shi, kamar yadda take yi tun muna yara, rani da hunturu, Baba yana faɗa tana yi. Tegid ya ce da an ƙara yini ɗaya ƙofar nan a kulle da barguna a ciki, da wani labarin ake yi. Gwilym ya zauna a kan matakala, fuskarsa ta yi fari fat, ya ce shi ya rufe wayar da katako bai duba ba, shi kuma ya kafa kwaɗon. Na ce masa ni na sa shi.

To kin ga an samu bayani, ya kamata hankalina ya kwanta. Amma ban gaya miki abin da Mama ta yi ba lokacin da na sauka kashe wuta. Da na dawo na tarar ta durƙusa a gaban kantar ƙasa, cikin hayaƙin. Ta zura hannu biyu ciki, ɗaya a ƙasa, ɗaya ta tallafo kamar mai tare ƙeya, ta ɗago a hankali ta kai ƙirjinta. Babu komai a hannunta, ko tawul ɗin ba ta ɗauko ba. Ta miƙe ba tare da ta dafa bango ba, ita da ba ta iya tashi daga kujera sai ta dafa, tana jijjigawa, tana cewa, "Yi shiru, Emrys. Yi shiru, ga Mama."

Yaya, wane ne Emrys? Babu mai wannan suna a danginmu, na tambayi Gwilym, shi ma bai sani ba. Na ɗauki waya zan kira ki na ajiye, don Mama tana jin duk abin da ake faɗa a falo, kuma ba na so ta ji sunan a bakina ban san abin da nake taɓawa ba. Don Allah ki amsa min wannan karon.

Ƙanwarki da ke jiran amsa,
Nesta


Bethesda,
Disamba, 1993

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Yaya Huw da dukan gida. Ina fatan kin samu barci tun da kika rubuto.

Na karanta wasiƙarki a ɗakin ajiyar abinci, a tsaye, ƙofa a rufe. Duk rayuwata ina jin labarin hunturun 1947, yadda dusar ƙanƙara ta binne hanyoyi har tumaki suka mutu a tsaye, amma ba wanda ya taɓa gaya min a cikinsa Mama ta haifi ɗa namiji, bakwaini, ungozoma ta kasa isowa, Baba kuma ya maƙale a can wajen aiki. Ban san goggonmu ta shimfiɗa masa auduga a cikin durowa ta ajiye shi a gindin tankin ba, don nan ne kawai wurin ɗumi a gidan. Ban kuma san ke aka ɗora wa zuba kwal a murhun kicin don kada tankin ya huce ba.

Kin rubuta cewa kwal ya ƙare a hannunki, kuka ƙona kujeru, kuka ƙona ƙofar ɗakin kaji, kuma da safen da wutar ta mutu ke ce kika fara taɓa tankin kika ji shi da sanyi. Yaya, shekararki shida. Yarinya 'yar shekara shida ba ita ke kawo kwal gari ba. Na yi kuka saboda shi, amma na fi yin kuka saboda ke, da kika ɗauki wannan kika haye teku da shi, don Baba ya ce kada a sake ambaton sunan a gidansa. Ban ji haushin shirunki ba ko kaɗan.

Na je maƙabartar cocinmu na bi gefen katangar da kika kwatanta, inda aka binne shi. Babu dutse, babu alama, sai ciyawa. Na yi magana da fasto, ya ce ba abin da zai hana a kafa ɗan dutse mai suna idan ƙasa ta saki daga daskarewar sanyi. Gwilym ya ce shi zai nemo dutsen. Ina so ki zo ki tsaya tare da mu ranar, kada ki ce min gwiwar Yaya Huw.

Kabad ɗin an sake shi daga farko. Tegid ya zare wayar tun daga tushe, ya cire makunnin, ya shafe gurbinsa. An yanke bututan a ƙarƙashin daɓe an toshe su da kyau, an sa sabon katako, an kafa na'urar jin hayaƙi a saman bene. Yanzu sanyi ƙalau yake, har sai na sa wa barguna maganin danshi. Na cire kwaɗon, na bar makullin akwatin magani kawai. Da Tegid zai tafi na tambaye shi ko wayar ce ke ɗumama tawul tun watan Satumba. Ya ce waya mai tartsatsi tana ƙona inda ta taɓa, amma ba ta ɗumama kabad daga sama har ƙasa, kuma da tun Satumba take yi da gidan bai kai Nuwamba ba. Ya ce ƙila na ji abin da na saba ji ne. Na ce ƙila. Gwilym yana tsaye yana jin mu.

Mama ba ta sake zuwa bakin kabad ɗin ba, ko kallonsa ba ta yi in ta wuce. Tana yini a kujerarta kusa da hitar ɗumama ɗaki, hannunta na hagu a lanƙwashe a ƙirji. Da hannu ɗaya take cin abinci, da hannu ɗaya take kama ƙarfen matakala. Ma'aikaciyar jinya ta duba hannun ta ce lafiyarsa lau. Ta samu natsuwar da rabon da in gan ta da ita tun kafin rasuwar Baba. Tana barci sosai, ta daina kirana baƙuwa. Na daina kunna rediyo da ƙarfi, ban ma san ranar da na daina ba.

Jiya da yamma na kawo mata shayi da biredin zabibi. Ta dubi kofin, ta dubi hannunta, sannan ta ɗago ta ce, "Karɓi ƙanenki... a'a, yayanki ne ashe. Karɓe shi in sha shayina. Ki tare masa kai."

Na ajiye faranti, na zauna kusa da ita, na miƙa hannu biyu. Ta sa min shi a hankali, ta gyara min gwiwar hannu, ta ja bakin rigar sanyina ta rufa masa. Ta sha shayinta a natse, ta ci biredin har da tsince ɓurɓushi, tana ba ni labarin wata tafiya bakin teku da kuka yi kafin a haife ni. Ni kuwa ina zaune ban motsa ba, ina kallon hannuwana, babu komai a cikinsu. Da ta gama ta goge bakinta, ta karɓe shi, ta ce na iya riƙo.

Na tashi zan kwashe kofuna, sai hannuna na hagu ya ƙi ɗaukar faranti. Ya yi tsami tun daga kafaɗa, ya mutu murus, irin yadda yake yi min a da idan na daɗe ina riƙe da ɗaya daga cikin 'ya'yanki yana barci. Sai da na yi ta murza shi kafin jini ya dawo.

Ban ji tsoro ba, Yaya. Na so ki sani ne kawai ba shi da nauyi sosai, kuma bai yi kuka ba.

Ki gaida kowa, ki sumbaci jikanki a madadina. Ki rubuto min ranar da jirginki zai sauka, ni da Gwilym za mu je tarbarki.

Ƙanwarki har kullum,
Nesta